Kiran shiga tsakanin ƙasashen waje a zanga-zangar Kaduna ta 2024

Kiran shiga tsakanin ƙasashen waje a zanga-zangar Kaduna ta 2024 na nufin ɗaga tutar Rasha da wasu matasa suka yi a Kaduna da wasu biranen arewacin Najeriya a watan Agustan 2024, suna neman Rasha ta kawo musu ɗauki. Lamarin ya farfaɗo da muhawara kan ko ya halatta manyan ƙasashe su sa baki idan wata gwamnati ta yi amfani da ƙarfi a kan masu zanga-zanga.

Asali

An shirya zanga-zangar daga 1 zuwa 10 ga Agusta saboda tsadar rayuwa da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira. Kafin nan an ga tutar Rasha a Yamai bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, inda ta zama alamar ƙin jinin Faransa.

Abin da ya faru

A ranar 5 ga Agusta gwamnatin Uba Sani ta sanya dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, tana cewa ɓata-gari sun karɓe zanga-zangar. Dokar ta shafi duka ɓangarorin Kogin Kaduna, har da unguwannin kudu irin su Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya kira ɗaga tutar wata ƙasa cin amanar ƙasa. Ofishin jakadancin Rasha ya ce ba shi da hannu, kuma Rasha ba ta tsoma baki a harkokin cikin gidan wasu ƙasashe. A watan Nuwamba ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, ciki har da Kaduna. Rundunar 'yan sanda ta musanta rahoton.

Matsayin dokar ƙasa da ƙasa

Sashe na 2 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta wa ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata, sai don kare kai ko da izinin Kwamitin Sulhu. A 2005 shugabannin duniya sun amince da ƙa'idar alhakin kariya, wadda ta ɗora wa kowace gwamnati nauyin kare jama'arta, ta kuma ba da damar ɗaukar mataki ta hannun Kwamitin Sulhu idan gwamnatin ta gaza. Ƙa'idar ta taƙaita ga laifuka huɗu: kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, kawar da wata ƙabila daga yankinta, da laifukan cin zarafin bil Adama. Kashe masu zanga-zanga yana shiga rukuni na huɗu ne kawai idan ya yawaita ko ya zama tsararren shiri.

Muhawara

Masu goyon bayan shiga tsakani suna kafa hujja da Ruwanda, inda duniya ta zuba ido a 1994 har aka hallaka dubban ɗaruruwan mutane. Masu adawa kuwa suna nuni da Libiya: a Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, Najeriya na cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar amincewa, amma bayan faɗuwar Gaddafi makamai suka bazu a yankin Sahel. Suna kuma cewa manyan ƙasashe na bin muradunsu ne, kamar yadda Rasha da Sin suka hau kujerar na-ƙi kan batun Siriya.

A Najeriya martanin waje kan rikicin Zariya da kuma zanga-zangar bai wuce matsin lamba ba. Bayan rikicin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya a Disambar 2015, Iran ta nuna rashin jin daɗinta, Amurka ta nemi a yi bincike, amma kwamitin shari'a na jihar Kaduna ne ya tabbatar da binne gawarwaki 347 a kabari ɗaya a yankin Mando. Haka ma a Nuwamban 2024, ƙorafin jama'a da ƙungiyoyin kare haƙƙi ne ya sa Shugaba Tinubu ya umarci a saki yaran da aka gurfanar a Abuja kan zanga-zangar.