Lokacin da Ƙarfe Ya Ƙi Maganaɗisu

Kowane ɗalibi ya san maganaɗisu yana jan ƙarfe. To amma idan maƙeri ya zuga wuta har ƙarfen ya yi ja jawur, sai a ga maganaɗisun ya kasa riƙe shi, alhali kuwa ƙarfen bai narke ba. Narkewa sai zafi ya kai digiri 1538 a ma'aunin Salshiyas, wannan sauyi kuwa a digiri 770 yake aukuwa. Masanin Faransa, Piyar Kuri, ya bayyana nazarinsa kan al'amarin a 1895, shi ya sa ake kiran iyakar da sunansa.

Dalili shi ne, kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tamkar ƙaramin maganaɗisu ce. Cikin sanyi, maƙwabta kan fuskanci gefe guda, kamar sahun masallata. Zafi kuwa girgiza su yake yi. Da farko sahun kan lalace sannu a hankali, amma dab da iyakar sai ya rushe da sauri. A nan abin mamakin yake: gungu-gungu na ƙwayoyin, manya da ƙanana, suna haɗuwa suna watsewa ba tsayawa.

Irin wannan hargitsi ake gani a iskar kabon da aka matse, kusa da digiri 31, inda ruwanta da tururinta suke komawa abu guda; sai ta yi fari kamar hazo. Ba'amurke Kenet Wilsan ya sami lambar Nobel a 1982 saboda bayyana dalilin da ya sa abubuwa mabambanta haka suke bin ƙa'idar lissafi ɗaya.