Bayin da Suka Ƙetare Teku

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tenhiya, da na Tanut da Belbeji, da makiyayan da ke jin mu a bakin rijiya a faɗin Damargu. Yau mun ɗauko labarin da kowannenmu ya tashi yana ji, na Annabi Musa, alaihis salam, da Fir'auna. Sai dai za mu saurare shi ne yadda yake a rubuce cikin littattafan Yahudawa da Kirista.

Littafin da ke ɗauke da labarin sunansa Fitowa. Shi ne na biyu cikin littattafai biyar da ke farkon Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932. Bisa ga abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa, zuriyar Yakubu makiyaya ne. Yunwa ce ta koro su zuwa Masar a zamanin Yusufu, aka sauke su da garkunansu a yankin Goshen. Mutumin Damargu da ya ga yunwar 1973 da ta 1984 ya san yadda yunwa ke tayar da mutum daga ƙasarsa ta kai shi ƙofar wani. Da mutunci suka shiga, a matsayin baƙi. Bayan zamani ya shuɗe sai aka yi wani sarki da bai san Yusufu ba, ya ga sun yi yawa, tsoro ya kama shi, ya mai da su bayi masu yin tubali. Su suka gina masa biranen ajiya na Fitom da Ramases.

Waɗanda suka fara ƙin bin umarninsa mata ne, ungozoma biyu, Shifra da Fu'a. Ya ce su kashe duk namijin da aka haifa, suka ji tsoron Allah suka ƙi. A wannan hali aka haifi Musa, uwarsa ta sa shi cikin kwando ta ajiye a bakin kogin Nilu. A littafin Fitowa ƴar Fir'auna ce ta ɗauke shi, a Alƙur'ani kuwa matar Fir'auna ce ta roƙa kada a kashe shi. Da Musa ya girma ya zo da saƙon a saki mutanen, sai Fir'auna ya ƙara musu azaba: ya hana a ba su ciyawar da ake kwaɓa ƙasa da ita, ya ce su nemo da kansu, kuma yawan tubalin kada ya ragu ko da ɗaya. Daga nan annoba goma suka biyo juna, tun daga ruwan kogi da ya koma jini, da kwaɗi, da mutuwar dabbobi, da ƙanƙara, da farin dango, har zuwa mutuwar ƴaƴan fari. Fir'auna ya sake su cikin dare, ya yi nadama, ya bi su da karusai, teku ya dare suka ƙetare, shi da rundunarsa suka nutse.

Yahudawa na tuna wannan dare kowace shekara a Idin Ƙetarewa, cikin watansu na Nisan. Iyali kan zauna a kan abinci, a ci gurasa marar yisti domin kakanninsu sun fita da gaggawa kullun bai tashi ba, a ci ganye mai ɗaci domin a ɗanɗani ɗacin bauta. Ƙaramin yaron gida shi ke yin tambayoyi, manya su amsa, kuma ana so kowa ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito daga Masar. Kirista kuma sun gaskata cewa a lokacin wannan idi ne Yesu Almasihu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa, shi ya sa bikin Ista ke da alaƙa da shi. Musulmi ma ba a bar mu a baya ba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya isa Madina ya tarar Yahudawa na azumin Ashura don godiya da tsirar Musa, sai ya azumci ranar ya kuma yi umarni da a azumce ta. Wato watan cika-ciki namu yana da hannu cikin wannan labari.

(Gajeren kiɗa)

Yawanci a bakin teku ake tsayar da labarin, ni kuwa abin da ya biyo baya ya fi taɓa ni. Mutanen sun shiga hamada ba gona ba rijiya, yunwa ta kama su, har suka riƙa tuna tukwanen naman Masar suna cewa da ma an bar su can. Kada mu yi saurin zarginsu. Wanda aka ƴanta ba shi da abin sawa a baki, ƙafarsa da kanta za ta mai da shi gidan ubangijinsa. Shi ya sa wata doka a littafin Maimaitawar Shari'a, babi na 15, ta ce bawa Ba'ibrane a sake shi a shekara ta bakwai, kuma kada a sallame shi hannu wofi. A ba shi daga garke, a ba shi daga masussuka, domin mai sallamar ma jikan bayi ne. Gaskiya ne dokar ba ta haɗa da bayi baƙi ba. Duk da haka masu bayi sun ji tsoron wannan labari. A 1807 an buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin tsibiran Karibiyan, aka cire labarin fita daga Masar. A Amurka kuwa bayi sun riƙe shi da ƙarfi, har suka laƙaba wa Harriet Tubman suna Musa, matar da ta tsere a 1849 ta riƙa komawa tana fito da ƴan'uwanta.

Damargu ba baƙuwar wannan magana ba ce. Ta nan ayari ke bi tsakanin Kano da Damagaram da Agadas har Tarabulus, kuma cikin abin da ake korawa arewa akwai mutane. Hausawa sun riƙe bayi, Abzinawa sun riƙe, Fulani da Larabawa ma haka. Faransa ta haramta cinikin a 1905, amma sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan fafutukar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991.

Ku tuna Hadijatou Mani ta jihar Tawa. Tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jaka 240 na sefa. A 2005 aka ba ta takardar ƴanci, amma da ta tafi ta auri wanda take so, wanda ya sake ta ya biyo ta yana cewa matarsa ce, har aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Saki da biyo baya, yadda Fir'auna ya yi. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce ƙasar Nijar ta gaza kare ta, ta yanke a biya ta diyyar sefa miliyan goma.

A ƙasar kiwo irin Tenhiya, tambayar da za a yi wa wanda aka ce ya sami ƴanci a fili take. Akuya nawa ce tasa? Zai shayar a rijiya ba sai ya roƙi wani ba? Gonar da kakansa ya nome, ta wa ce yau? In ya nemi aure, ana tono asalinsa? In ya mutu, ƴaƴansa ne ke gadonsa ko wasu? Waɗannan tambayoyi na hakimai ne da limamai da magadan gari, kuma namu ne mu da ke zaune da juna a kasuwa da masallaci.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon, idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.