DAMISOSHIN AREWA: Mawaƙan 'Yan Ci-rani Na Ƙasar Meksiko

Daga Wakilinmu Na Arewa

Duk wanda ya taɓa barin garinsu don neman abinci ya san akwai waƙar da in ya ji ta sai gida ya faɗo masa a rai. To, mutanen Meksiko da ke ci-rani a Amurka, waɗanda ke yi masu irin wannan waƙa su ne Los Tigres del Norte, watau Damisoshin Arewa. Amma arewar da ake nufi ta Meksiko ce, wadda ta yi iyaka da Amurka.

Asalinsu 'yan wani ƙauye ne, Rosa Morada, a jihar Sinaloa. Mahaifinsu manomi ne, ya ji rauni ya kasa aiki. Sai babban ɗansa, Jorge Hernandez, ya tara ƙannensa da ɗan'uwansu Oscar Lara, suka shiga kiɗa a gidajen abinci don su ciyar da gida. Cikin 1968 suka ƙetare iyaka, suka zauna a birnin San Jose na jihar Kalifoniya. An ce wani jami'in shige da fice ne ya fara kiransu 'yan damisoshi, don a lokacin yara ne ƙanana.

Kiɗansu ana ce masa norteno. Uwar kiɗan ita ce akodiyan, wani abu mai kama da zugazugin maƙera, ana ja ana matsawa yana kuka. Sai wata babbar jita mai tsirkiya 12, da ganguna, da kakakin nasara mai lanƙwasa. Akodiyan ɗin da taken rawar polka mai sauri, baƙi ne daga Jamus da maƙwabtanta suka kawo su yankin tun ƙarni na 19.

Waƙar kuwa corrido ce, watau labari ne ake rerawa daga farko har ƙarshe. A farkon shekarun 1970 suka yi Contrabando y Traicion, labarin wata mata da abokinta da suka yi fasa-ƙwaurin tabar wiwi, da ya ce zai rabu da ita sai ta harbe shi. Ita ta fito da su. Ta kuma jawo masu zargi, don wasu na ganin irin waɗannan waƙoƙi kirari ne ga miyagu.

Amma wadda ta fi shiga zuciyar mutanensu ita ce La Jaula de Oro, watau Kejin Zinariya, ta shekarun 1980. Labarin wani magidanci ne da ya shekara goma a Amurka ba takardu. Ya sami abin hannu, amma tsoron kamu ya hana shi yawo, 'ya'yansa kuma sun koma Turanci, ba su son jin zancen komawa gida. Wane uba ne a baƙon wuri wannan bai taɓa hana shi barci ba?

Sun sami kyautar Grammy ta farko cikin 1988. A 2018 kuma suka yi wa fursunoni wasa a kurkukun Folsom na Kalifoniya. Abin da ya riƙe su fiye da shekara 50 shi ne, abin da suke waƙa a kai sun ɗanɗana shi da kansu. Allah ya mai da kowane matafiyi gida lafiya, amin.