ƘASAR DA YARO ZAI FAƊA A KAI

A cikin 1972 Gwamnatin Amurka ta kafa wata hukuma mai duba kayan da ake sayar wa jama'a, don kada su cuci mai amfani da su. A 1981 hukumar ta buga littafin jagora a kan filayen wasan yara na makarantu da na gari, an kuwa yi ta gyaransa tun daga sa'an nan. Shawara ce kurum, amma waɗansu jihohin ƙasar sun mai da ita doka.

Abin da ya kamata malamai su lura da shi shi ne, yawancin raunin da yara kan ji a filin wasa daga faɗuwa ne. Saboda haka littafin ya fi mai da hankali ga ƙasar da ke ƙarƙashin lilo da abin hawa. Ya hana siminti da kwalta. Har ciyawa da tsurar ƙasa bai yarda da su ba, gama sawun yara kan kashe ciyawa, ƙasa ta daskare. Wanda ya san yadda farfajiyar makaranta takan zama da rani lalle ba zai yi musu ba. Sai a zuba yashi, ko ƙananan tsakuwa, ko ɓarɓashin itace, zurfin inci 12, domin in ya kwanta ya rage inci 9. Yashi mai wannan zurfi iyakar kāriyarsa faɗuwa daga ƙafa 4, ɓarɓashin itace kuwa har ƙafa 10. Watau tsawon abin hawa shi ke nuna abin da za a zuba. Tilas kuma shimfiɗar ta kai ƙafa 6 ta kowane gefe, a gaban lilo da bayansa kuwa ta ninka tsawonsa biyu.

Akwai kuma batun kafa tsakanin ƙarafa. In faɗinta ya wuce inci 3½ bai kai inci 9 ba, jikin ƙaramin yaro zai shige, kai ya maƙale, ya rataye.

A ganina wuyar aikin tana bayan an gama kafa kaya. Yashi kan watse daidai inda ƙafafu ke sauka, sai an sa wani ya riƙa mai da shi da shebur. Malami mai tsaro kuma ya taɓa ƙarfe da hannunsa in rana ta take, kafin ya bar yara su hau.