Pluto: Sarkin Matattu na Girkawa da Aka Mayar Bos a Littattafan Zane

A shekarar 1966, yaron da ya miƙa senti 12 a shagon jarida a Amurka ya karɓi littafin zane na jarumi Thor fitowa ta 127, ya ci karo da wani mugu da bai zo da takobi ko bindiga ba. Takarda ya riƙo. Wani mutum ne mai sanƙo, ya shiga rigar mai shirya finafinai a Hollywood, ya ɗana wa Hercules tarko da daɗin baki. A lokacin kan Hercules ya kumbura, domin bai daɗe da kayar da Thor a gaban jama'a ba, sunansa yana ta yawo a gari. Aka ce masa za a yi fim a kan jarumtakarsa, aka yi masa liyafa, aka ajiye masa takardar yarjejeniya. Bai tsaya karantawa ba ya sa hannu. Nan take mai shirya fim ya tuɓe rigar aro, sai ga Pluto, sarkin ƙasar matattu. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne Hercules ya yarda ya gaji kujerar Pluto a ƙarƙashin ƙasa har abada, shi kuwa Pluto ya huta da gadin da ya gundure shi.

Hercules ya kai kuka wurin mahaifinsa Zeus, amma Zeus ya ce alƙalami ya riga ya bushe. Ƙofa ɗaya ta rage: a samu wanda zai sayar da ransa ya yi yaƙi a madadinsa. 'Yan'uwansa na dutsen Olympus suka juya masa baya. Thor, wanda Hercules ɗin ya kunyata, shi ya ɗauki gudumarsa ya sauka ƙasar matattu. A fitowa ta 130 ya shiga ragargazar rundunar Pluto da makamansu da gine-ginensu, har Pluto ya kasa jure ganin ana rushe abin da ya shafe zamunna yana ginawa. Da hannunsa ya kekketa takardar, ya koma kan kujerar da ya so ya gudar wa.

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiri wannan Pluto a kamfanin Marvel, Lee a kan rubutu, Kirby a kan zane. Dalilin da ya sa masu wannan sana'a suke yawan ɗebo jarumai daga tatsuniyoyin Girkawa a bayyane yake: babu wanda ya mallaki Zeus ko Hercules, ba a biyan kowa ko sisi kafin a zana su, kuma mai karatu ya riga ya san sunayen tun daga makaranta. Shi ya sa Marvel take da nata sarkin matattu, abokiyar hamayyarta DC ita ma take da nata a labaran Wonder Woman, inda ake kiransa da ainihin sunansa na Girkanci, Hades.

Makamin da aka ba mugun, wato yarjejeniyar da ba a karanta ba, abu ne da masu zanen kansu suka san zafinsa. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da Superman kacokan a kan dala 130, suka shafe shekaru masu yawa suna neman haƙƙinsu. Kirby ya bar Marvel a 1970 cikin ɓacin rai kan yadda ake raba suna da lada, kuma sai a 2014, shekara 20 bayan rasuwarsa, iyalansa suka daidaita da kamfanin.

To amma wane ne Hades a wurin mutanen da suka fara ba da labarinsa? Mawaƙi Hesiod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lissafa shi cikin 'ya'yan Kronos, uban da yake haɗiye 'ya'yansa don tsoron kada su ƙwace masa mulki. Bayan 'ya'yan sun kifar da uban, waƙar Iliad ta Homer ta ce maza ukun sun jefa ƙuri'a. Sama ta faɗa wa Zeus, teku ta faɗa wa Poseidon, duhun ƙarƙashin ƙasa ya faɗa wa Hades, doron ƙasa da dutsen Olympus kuwa aka bar su na tarayya. Rabon gado ne aka yi. Ba korarsa aka yi ba, ba kuma hukunci aka yanke masa ba, kuma a manyan tatsuniyoyin da suka iso mana bai taɓa ɗaga runduna don ya tumɓuke Zeus ba. Masu ƙulla wa Zeus makirci a cikin Iliad su ne matarsa Hera da ƙaninsa ko wansa Poseidon da 'yarsa Athena. Hades yana can gidansa.

Girkawa ba su ƙaunarsa, wannan kam gaskiya ne. A cikin Iliad ɗin, sarki Agamemnon ya kwatanta shi da wanda ba ya jin roƙo, ba ya lanƙwasuwa, shi ya sa mutane suka fi ƙinsa a cikin dukkan abubuwan bautarsu. Idan za su yi masa yanka, baƙar dabba suke nema, mai yankan kuma ya kau da fuska. Matafiyi Pausanias, wanda ya zagaya Girka a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa a garin Elis akwai ɗakin bautarsa da ake buɗewa sau ɗaya tak a shekara, kuma ko a ranar babu mai shiga sai mai kula da ɗakin. Har sunansa ma gudun kamawa suke yi, kamar yadda mutum yake sakaya sunan abin da yake tsoro. Daga nan ne laƙabin Plouton ya fito, wanda ya samo asali daga kalmarsu ta dukiya, domin daga ƙarƙashin ƙasa hatsi yake tsirowa, a can kuma ake haƙo azurfa da zinariya. Rumawa suka ɗauki laƙabin, ya zama Pluto. Ke nan sunan da Marvel ta laƙaba wa mugunta, a asali suna ne na girmamawa da lallashi, ma'anarsa mai arziki. Akwai tukwane da sassaƙe-sassaƙen da suke nuna shi riƙe da ƙaho cike da amfanin gona.

Shi ba mutuwa ba ne. Girkawa suna da wani daban mai suna Thanatos da suka ɗora wa wannan aiki. Ba ya kuma ruɗin mutane su yi saɓo don ya samu mazauna, tun da kowa, nagari da mugu, can zai je. Ƙasarsa tana da sassa: Tartarus inda ake azabtar da irin su Sisyphus mai tura dutse, Elysium na 'yan gata, sai filin da yawancin matattu suke zaune kamar inuwa. Alƙalai uku ne suke yanke hukunci, Minos da Rhadamanthys da Aiakos. Aikin Hades shi ne kada wanda ya shiga ya fita. Mai karatu Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan bambanci ba, duk da cewa tatsuniyar masu bautar gumaka daban take da abin da ya yi imani da shi, domin tun a makarantar allo ya san lahira ba ita ce wuta kaɗai ba, ya kuma san mai tsaron wuta daban, Iblis daban.

Ko alaƙarsa da Hercules ma an juya ta. A aikin ƙarshe daga cikin ayyuka 12 da aka ɗora wa jarumin, an aike shi ya kamo Cerberus, karen nan mai kai uku da yake gadin ƙofar matattu. Hercules ne ya shiga gidan mutane, Hades kuwa ya ba shi izini da sharaɗi ɗaya, kada ya yi amfani da makami. Ya shaƙe karen da hannu, ya kai shi, aka dawo da shi. Mawaƙi Orpheus ya je neman matarsa Eurydice da ta mutu, waƙarsa ta karya zuciyar sarkin da matarsa, suka sake ta da sharaɗin kada ya waiwaya sai sun fita. Ya waiwaya. Wanda Hades ya yi wa tarko na gaske shi ne Pirithous, wanda ya sauko tare da Theseus da niyyar sace matar gidan, aka ba su kujera suka zauna suka manne.

Ta yaya mai gadi irin wannan ya koma Shaiɗan? Hanyar ta bi ta fassara. Lokacin da Yahudawan Iskandariya suka mayar da littattafansu daga Ibrananci zuwa Girkanci, tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, suka tarar da kalmar Sheol, mazaunin matattu, suka fassara ta da Hades. Sabon Alkawari, wanda da Girkanci aka rubuta shi, ya gaji kalmar. Da aka zo fassarar Ingilishi ta Sarki James a 1611, kusan duk inda Hades ya fito sai aka sa kalmar da Turawan Ingila suke nufin Jahannama da ita. Kafin nan ma, a farkon ƙarni na 14, mawaƙin Italiya Dante ya riga ya tsayar da wani Pluto a matsayin dodon da yake gadin hawa na huɗu na wuta, inda marowata da almubazzarai suke. Wuri ya zama wuta, mai wurin kuwa dole ya zama Shaiɗan a idon mai karatu. Takardar da Hercules ya sa wa hannu ma ba daga Girka ta fito ba. Daga tatsuniyar Jamusawa ta Faust take, malamin da ya sayar wa Shaiɗan ransa a rubuce.

Sai kuma buƙatar sana'ar kanta. Littafin da yake fitowa kowane wata yana neman abin da masu kallon fim a Kano suke kira bos, wanda jarumi zai daka a shafi na ƙarshe. A cikin 'yan Olympus kuwa babu wanda ya fi sauƙin shafa wa baƙin fenti kamar mai zama cikin duhu da matattu. Bayan 1966 aka ɗora masa buri guda da ake ta maimaitawa: yana hassadar Zeus, yana son kujerar sama. A 1975, a labarin farko na ƙungiyar Champions, Pluto ya nemi tilasta wa Hercules auren Hippolyta, Venus kuma ta auri Ares, don ya ɗaure hannun waɗanda za su iya kare Olympus. A 2009, a Incredible Hercules na Greg Pak da Fred Van Lente, ya gurfanar da Zeus a gaban shari'a a ƙasar matattu. Finafinai suka bi sahu. Hercules na Disney a 1997 ya ba shi gashin kai na shuɗiyar wuta da muryar James Woods, yana shirin juyin mulki. Clash of the Titans na 2010 ya sa Ralph Fiennes ya fito cikin baƙin hayaƙi da irin wannan niyya. A DC kuwa ya sha sauya kama. George Pérez a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna shi kusa da na asali, mai natsuwa da riƙo da doka, Brian Azzarello da Cliff Chiang kuma bayan 2011 suka zana shi kamar ƙaramin yaro da kyandirori suna narkewa a kansa, narkakken ya rufe masa ido.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne laifin da tatsuniyar ta tabbatar masa da shi, shi ne aka fi yi wa sassauci. Tsohuwar waƙar yabon Demeter, wadda ake jingina wa Homer, ta ba da labarin 'yarta, yarinya Persephone, tana tsinkar furanni da ƙawayenta, ƙasa ta tsage, Hades ya fito a keken dawaki na zinariya ya fizge ta tana ihu. Ƙanin ubanta ne ko wan ubanta, kuma uban, Zeus, shi ya ba da ita ba tare da an shawarci uwar ba. Da aka tilasta masa ya mayar da ita, sai ya sa ta ci ƙwayar rumman, abin da ya ɗaure ta da komawa wurinsa sulusin kowace shekara. Girkawan da suke sauraron wannan waƙa sun san abin da take taɓawa, domin 'yan matansu ana aurar da su suna 'yan shekara 14 ko 15 ga mazan da suka kusa ninka su, yarinyar da ta rasu kafin aure kuwa akan kira ta amaryar Hades. Ba ta fuska ɗaya suka kalli auren ba, tun da a garin Locri na kudancin Italiya an tono allunan yumɓu masu nuna su biyun zaune a gadon sarauta kafaɗa da kafaɗa. Amma waƙar ba ta ɓoye ihun yarinyar ba.

A 'yan shekarun nan iska ta juya. Wasan kwaikwayo na waƙa Hadestown na Anaïs Mitchell ya ci lambobin Tony 8 a 2019, wasan kwamfuta mai suna Hades da ya fito a 2020 ya nuna shi a matsayin uba mai tsauri da yake fama da tarin takardun ofis, ita kuwa Rachel Smythe 'yar New Zealand ta fara sakin Lore Olympus a Webtoon a 2018, ta ci lambar Eisner a 2022. A labarinta Hades attajiri ne mai kaɗaici, abin da yake tsakaninsa da Persephone kuwa soyayya ce da yardar juna. An cire masa ƙahon Shaiɗan, wannan gyara ne da ya dace. Sai dai nauyin ya koma kan Demeter, wadda a yawancin sababbin labaran ta zama uwa mai takura wa 'yarta da hana ta sakewa.

A tsohuwar waƙar kuwa ita ce tsakiyar labarin. Da ta ji amon kukan 'yarta daga duwatsu da teku, ta yage mayafin kanta, ta ɗauki jiniya mai ci a kowane hannu, ta yi kwana 9 tana yawo a doron ƙasa ba ci ba wanka, tana tambaya babu mai faɗa mata gaskiya. Sai a rana ta 10 Hecate ta same ta, suka tafi tare wurin Helios, wato rana mai ganin komai, shi ya gaya mata wanda ya ɗauke yarinyar da wanda ya ba da ita. Ta bar Olympus, ta shiga kamar tsohuwa, ta zauna a bakin wata rijiya a garin Eleusis, daga baya ta hana iri tsirowa shekara guda cur, shanu suna jan garma a banza, har Zeus ya aiki Hermes ƙarƙashin ƙasa ya dawo mata da 'yarta.