Sauya Tayar Tafi-Ba-Iska Da Gama-Gari: Riba Da Hasara

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi bayani a kan wani al'amari da ya shafi masu motoci, musamman waɗanda suka sayi motocin Jamus na hannu da ake kira tokumbo. Wasu daga cikin motocin nan suna zuwa da wata irin taya da ake kira ranfilat, wato tayar da ke ci gaba da tafiya ko da iskarta ta sace. Tun da mu ɗaliban harshe ne, ban ga dalilin barin ta da sunan aro ba. Bahaushen da ya laƙaba wa wayar salula tafi-da-gidanka ba zai rasa sunan da zai ba ta ba, don haka zan kira ta tafi-ba-iska, wadda muka saba da ita kuwa in kira ta gama-gari. Direbobi da dama kan cire ta farko su saka ta biyu domin mota ta ƙara riƙe hanya. Shin suna da gaskiya, kuma me suke sayarwa a wannan ciniki?

Yadda Tafi-Ba-Iska Take Aiki

A taya gama-gari, iska ce ke ɗauke da nauyin mota. Gefen tayar ba shi da kauri, saboda haka da zarar ƙusa ta huda ta iska ta fice, sai ta kwanta, wili ya hau kanta. Ita kuwa tafi-ba-iska an ƙara wa gefunanta roba mai kauri da tauri da jure zafi, ta yadda za su iya tallafe motar na ɗan lokaci ba tare da iska ba. Ƙa'idar yawancin kamfanoni ita ce tafiyar kilomita 80, da gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Dunlop ya fito da samfurin Denovo a Ingila a shekarun 1970, Bridgestone kuma ya yi wa motar Porsche 959 irinta a 1987. Amma kamfanin BMW ne ya yaɗa ta a shekarun 2000, inda ya riƙa saka ta a motocinsa na yau da kullum, ya kuma daina sa safaya a but ɗin da yawa daga cikinsu. Ana gane ta da haruffan da ke jikinta: RFT a ta Bridgestone, ZP a ta Michelin, SSR a ta Continental, sai RSC da ake gani a waɗanda aka yi wa BMW. Da yake ba ta kwanciya sosai in ta sace, ido ba ya saurin ganewa, shi ya sa dole motar ta kasance da na'urar da ke kunna wa direba fitilar gargaɗi idan iska ta ragu.

Dalilan Da Ke Sa A Cire Ta

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Taurin da ke ceton direba ranar faci shi ne ke wahalar da shi sauran ranaku. Taya ce ke fara shanye duka kafin ya kai ga sifirin da shokozoba. Idan gefenta mai laushi ne, sai ta lanƙwasa ta bi tudu da kwarin hanya, ta ci gaba da manne wa kwalta. Idan mai tauri ne, sai ta yi tsalle, kuma a daidai lokacin da ta rabu da ƙasa, sitiyari da birki ba su da iko a kanta. A shimfiɗaɗɗen titi ba a cika jin wannan ba, amma a kwana mai gargada direba zai ji bayan motar yana zillewa gefe.

Na biyu, tafi-ba-iska ta fi gama-gari nauyi, kuma duk nauyin da ya ƙaru a ƙafar mota yana ƙara wa shokozoba aikin danne ta a ƙasa. Na uku, takan bi sawun da manyan motoci suka bari a kwalta, har direba ya ji ana fizgar sitiyari a hannunsa. Na huɗu, idan ta faɗa rami, dukan yakan wuce kai tsaye zuwa wili, ya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. Wani abin lura shi ne, shi kansa BMW bai saka ta a motarsa ta gudu M3 ta wancan zamani ba, gama-gari ya saka mata. Sai dai adalci ne in faɗa cewa samfuran baya-bayan nan sun fi na farko laushi.

Akwai kuma batun aljihu. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, yawancin tayoyin motocinmu daga waje ake shigo da su. Tafi-ba-iska ta fi tsada, ta fi wuyar samu in an bar manyan birane, kuma ba kowane mai faci ne ke da injin da zai cire ta ba tare da ya ɓata wili ba. Bugu da ƙari, kamfanoni da yawa sun hana a yi mata faci bayan an yi tafiya da ita babu iska, domin cikinta kan lalace ba a gani daga waje.

Abin Da Ake Rasawa

A nan ne nake ganin ake yin ganganci. Motar da aka ƙera domin tafi-ba-iska sau da yawa ba ta da safaya, ba ta da jak, wani lokaci ma babu gurbin ajiye su. Wanda ya koma gama-gari bai tanadi waɗannan ba, ƙusa ɗaya ta isa ta tsayar da shi da iyalinsa a dokar daji da tsakar dare. Haka nan idan taya ta fashe ana cikin gudu, tafi-ba-iska ta fi ba direba damar riƙe mota har ya tsaya. A ɗaya ɓangaren kuma, kilomita 80 ba za su kai mutum daga Legas zuwa Ibadan ba, tafiyar da ta haura kilomita 120, don haka ita ma ba ta raba mai doguwar tafiya da safaya ba. Sannan da yake an daidaita sifirin ɗin motar da taya mai tauri, wasu kan ji sitiyari ya ɗan rage kaifi bayan sauyin.

Ƙa'idojin Sauyawa

Ga wanda ya yanke shawarar sauyawa, ga abin da nake ba da shawara:

1. A sauya duka huɗun a lokaci guda. Haɗa iri biyu, musamman a gaba ko a baya, yana sa kowane ɓangare ya amsa birki da kwana daban.

2. A kiyaye lambobin jikin taya. Misali, 225/45 R17 91W na nufin faɗinta milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wilinta inci 17, tana ɗaukar kilo 615, kuma iyakar gudunta kilomita 270 a awa. Kada a sayi wadda ta gaza wadda kamfani ya ƙayyade.

3. A duba ranar ƙira. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne mako da shekara: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Tsohuwar taya araha ce da ba ta ado.

4. A sayi safaya da jak da sifana da famfo tun kafin a bar wurin mai taya, a kuma ɗaure safayar da kyau a but. Ruwan liƙe huda da ake sayarwa a gwangwani ba ya maganin tsagewar gefe.

5. A sa iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a sake saita na'urar gargaɗi, a kuma riƙa auna iskar da safe kafin taya ta yi zafi.

Kammalawa

A taƙaice, mai bin hanyoyi masu ramuka zai sami sauƙin jijjiga da ƙarin riƙon hanya da rangwamen kuɗi idan ya koma gama-gari. Amma a ra'ayina, wanda ba zai iya ware kuɗi da wuri domin safaya ba, gara ya zauna da tafi-ba-iskarsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu riƙa leƙa gareji da rumfunan masu faci da littafin rubutu a hannu. Akwai kalmomi da dama a bakin makanikai da ke jiran mai tattara su, idan kuma wani ya ji sunan da ya fi tafi-ba-iska dacewa, sai ya aiko wa wannan mujalla.