Gemu ba ya hana ilimi: yadda babba zai shiga jami'a

Jama'ar Yekuwa, da na Magarya da Dungas, ga wata magana da ake yawan yi a inuwar lakkol da bakin asibiti. Mutum ya yi shekara 10 ko 15 yana aiki. Ya yi aure, ya haihu. Yana ganin yaran da ya koya wa baƙi da wasali sun je jami'a sun dawo, wani ma an ɗora shi a kansa. Sai ya ce: ni kuwa ƙofa ta rufe mini ke nan?

Ba ta rufe ba. Amma tana da mabuɗi, kuma sai an san shi.

Da farko mu san inda jami'ar take. Da can guda ɗaya ce tak a Nijar, ta Yamai. An buɗe ta a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Mai iyali ba ya iya wannan nisa sai da wahala. A 2010 aka kafa jami'o'i a Damagaram da Maraɗi da Tawa. Ta Damagaram ita ce ake kira Jami'ar André Salifou, sunan masanin tarihin nan ɗan Damagaram wanda ya rasu a 2022. Daga Magarya zuwa can bai kai kilomita 100 ba. Mutum zai iya zuwa gida ran Juma'a da yamma, ya duba gona da yara, ya koma ran Lahadi.

To, mene ne mabuɗin? Shi ne bak, jarrabawar ƙarshen lise.

Wanda ya ci bak tun yana saurayi, sa'an nan talauci ko aure ya sa ya kama aiki, nasa mai sauƙi ne. Takardar bak ba ta ruɓewa. Sai ya ciro ta daga akwati, ya haɗa da sauran takardu, ya nemi wuri lokacin da jami'a ta buɗe rajista.

Wanda bai da bak fa? Nan ne maganar take. Doka ba ta ce sai ɗan lise mai zama a aji kaɗai zai yi jarrabawar ba. Akwai abin da ake kira kandida libur, wato mutumin da ya shirya kansa a gida, ya sa sunansa da kansa. Malamin lakkol yana iya yi. Ma'aikacin lafiya yana iya yi. Mai shago ma haka, da matar aure. Tambayoyi ɗaya ne da na ƴan lise, rana ɗaya, ɗaki ɗaya. Takardar da za a ba shi ita ma iri ɗaya ce, jami'a ba ta bambantawa. Haka kuma wanda ya tsaya a koleji bai samu BEPC ba, zai iya fara yin BEPC ta wannan hanya, ya taka ta ya hau.

Ana ba da maki bisa 20. Wanda jimillarsa ta kai 10 ya ci. Wanda ya kusa, ana ba shi dama ta biyu, ya sake wasu fannoni cikin ƴan kwanaki. Kowane fanni da nauyinsa, wani ana ninka makinsa fiye da wani. Saboda haka kada ka raba ƙarfinka daidai wa daida. Ka tambayi fannonin da suka fi nauyi, ka kwana a kansu.

A kula da zaɓen layi, don nan mutane da yawa suke faɗuwa tun kafin su shiga ɗaki. Layin A na Faransanci ne da falsafa da tarihi da sanin ƙasa da Ingilishi. Layin D na lissafi ne da sanin halittu da kimiyya. Layin C na lissafi ne mai nauyi da kimiyya. A ganinmu, wanda ya yi shekaru bai taɓa lissafin lise ba, kuma ba shi da mai koya masa, gara ya bi A. Karatu da rubutu mutum yana iya yin su shi kaɗai da fitila. Lissafi kuwa yana son malami da allo. Amma ka sani layin da ka bi shi ne zai nuna maka ƙofar da za ka shiga. Mai bak A ba ya karatun likita. Zai yi tarihi, ko sanin ƙasa, ko shari'a, ko harsuna, ko ilimin koyarwa.

Maganar takardu kuma ba wasa ba ce. Ana karɓar dosiye watanni kafin jarrabawa, tun lokacin sanyi. Wanda ya makara sai baɗi. Abin da ya fi ba mutanen karkara wahala shi ne takardar haihuwa. Wani ba shi da ita. Wani yana da ita, amma sunan da ke ciki daban, na takardar BEPC daban: nan Usman, can Usmanu, ko shekarar haihuwa ta sha bamban. Harafi ɗaya yana iya mai da dosiye baya. A je ma'aikatar magajin gari ta Yekuwa ko gidan shari'a na Magarya a gyara tun yanzu, kada a bari sai ana saura kwana uku. Sharuɗɗan kowace shekara da kuɗin rajista, a tambaya a ofishin masu kula da koleji da lise, kada a dogara da labarin kasuwa.

Wani abu kuma: jarrabawar tana faɗowa ne a farkon damina, daidai lokacin shuka da noman farko. Mai gona ya shirya wanda zai riƙe masa.

Yanzu ga ma'aikatan gwamnati. Cin bak daban, barin wurin aiki daban. Kada ka kulle aji ko ɗakin magani ka tafi Damagaram ba izini. Za a ce ka gudu daga aiki, a tsai da albashi. Akwai izinin tafiya ƙaro karatu da ake nema ta hannun shugabanninka, a rubuce. Shi ne ke tsare maka wurinka, shi ne kuma ke sa a duba takardarka in ka dawo, a ɗaga maka matsayi. Malaman lakkol suna da wata ƙofar: Babbar Makarantar Horon Malamai ta jami'ar Yamai tana ɗaukar waɗanda suka daɗe da alli ta hanyar gasa, su fito masu ba malamai shawara ko sufetoci.

Masu karatun Larabci ba a bar su baya ba. Akwai bak na makarantun Faransanci da Larabci, akwai kuma Jami'ar Musulunci ta Say. Masu jin Ingilishi kuwa, ga Nijeriya nan kusa da mu. Tana da jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka sake buɗewa a 2002, da cibiyoyi a Kano da Katsina. A can ne tsohon shugaban Nijeriya Obasanjo ya karɓi digirin dakta a 2018, yana ɗan shekara 80. Sai dai kafin ka kashe kuɗinka, ka tabbata za a amince da takardar a Nijar.

Kai kuma da ka koyi karatu a makarantar yaƙi da jahilci, kada wani ya ruɗe ka. Takardar da aka ba ka ba ta kai mutum jami'a kai tsaye. Gaskiya ne a watan Maris na 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Amma bak da Faransanci ake yin ta. Tsaninka yana da tsawo: Faransanci tukuna, sa'an nan BEPC, sa'an nan bak.

In an shiga, digirin farko shekara 3 ne. Shekara ukun nan su ne abin shawara, ba jarrabawa ba. Wa zai ciyar da gida? Wa zai biya haya a Damagaram, da kuɗin takardu? Kada ka ɗora lissafinka kan tallafin gwamnati tun ba ka gan shi a hannu ba. Ku zauna da mai ɗakinka da ƙannenka, ku ƙidaya damman geron da ke rumbu da dabbobin da ke turke. In mace ce mai son tafiya, maigida ya saurare ta, a duba wa zai riƙe yara, uwa ko kishiya ko ƙanwa.

Za ka zauna benci ɗaya da sa'ar ɗanka. Wani malamin ma ƙaninka ne. Za su ce maka Baba, wasu za su yi dariya a makon farko. Ka nemi biyu ko uku masu hankali cikinsu ku riƙa bita tare, don yanzu darussa da yawa ta waya ake tura su, kuma su suka fi ka sanin kanta.